Daga Damagaram Zuwa Agadas Ta Sama: Shin Tafiyar Minti 55 Tana Da Ƙasaru?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya hanyoyi a cikinta, Ya kuma hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a wannan mako muna so mu ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi a watan Disamba na 2019, daga Damagaram zuwa Agadas a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya tuno mana da ita kuwa shi ne tambayar nan da ke yawan zo mana daga fatake da ma'aikatan gwamnati, watau mutumin da ya karya kumallo a gidansa, ya hau jirgin sama, kafin azahar ya sauka a wani gari, shin shi ma matafiyi ne a shari'a har ya yi ƙasaru? An taɓa yi mana wannan tambaya a cikin jirgin ma kansa, muna tsakanin sama da ƙasa, saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo amsar tare da labarin wurin da aka yi ta.

Mu fara da awo, domin a kansa maganar duka za ta tsaya. Tsakanin filin jirgin saman Damagaram da na Agadas akwai kimanin kilomita 370 in an miƙe sak ta sama, watau wajen mil 230 a lissafin da tsofaffinmu suka saba da shi. In kuwa ta mota za a bi, a kan babbar hanyar da ta ratsa Tanut da Adarbisanat, to kimanin kilomita 450 ne, watau mil 280. Dalilin wannan bambanci shi ne hanyar mota takan miƙa arewa har Tanut, sa'an nan ta karkata yamma zuwa Adarbisanat, kana ta sāke fuskantar arewa. Jirgi ba ruwansa da wannan kwana, gaba kawai yake sawa arewa, da 'yar karkata kaɗan zuwa yamma.

Mun shiga Nijar ne ta Daura da Kwangwalam, muka bi ta Matamaye da Kance, muka sauka Damagaram a unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarki. Mun yi mako guda a can wajen ziyarar malamai da 'yan'uwa, kuma da yake mun yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, sai muka koma cika salla kamar mutanen gari. Damagaram gari ne mai duwatsu jibga-jibga a tsakiyarsa, ga kuma ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19. Shi ne hedkwatar mulkin Faransa a wannan ƙasa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Amma wurin da ya fi shafar labarinmu shi ne unguwar Zango, wadda sunanta kaɗai ya isa shaida. Nan ayarin Abzinawa ke sauke kayansu in sun gangaro daga arewa da kantun gishiri da dabino, nan kuma suke ɗaure gero da tufafi da fatu in za su koma. Wanda ya tashi daga Zango zuwa Agadas a wancan zamani yakan yi ban kwana da iyalinsa ban kwana na gaske, ya biya bashi, ya bar wasiyya.

Don mai karatu ya san tsawon tafiyar a da, ga misali guda da tarihi ya kiyaye. Rundunar Faransawa da Furo da Lami suka jagoranta ta bar Agadas a tsakiyar watan Oktoba na 1899, ba ta iso Damagaram ba sai ranar 2 ga Nuwamba. Mako biyu ke nan da 'yan kwanaki, a kan raƙuma da ƙafa. In aka raba kilomita 450 a kan waɗannan kwanaki, za a ga zangon yini guda bai cika kilomita 30 ba, kuma haka tafiyar raƙumi mai kaya take tun fil azal.

Ranar tafiyarmu mun bar masauki da ƙarfe 7 na safe, domin an ce jirgi zai tashi ƙarfe 9. Filin jirgin yana bayan gari kaɗan ne, ƙarami ne, ɗakin jira guda, wurin awon kaya guda, kowa na ganin kowa. Sai dai lokacin hunturu ne, gari ya wayi da hazo, rana ta fito fara fat kamar faifai, har mutum na iya kallonta ido da ido. Matuƙin jirgi kuwa ba ya sauka a inda ba ya iya hango titi, don haka jirgin da muke jira ya yi jinkiri a inda ya taso. Muka zauna, aka sha shayi, aka yi hira, masu tasbaha suna ja. Sai wajen ƙarfe 11 hazon ya sassauta, muka ji rugugin jirgi. Mai farfela biyu ne, irin wanda ke ɗaukar mutum hamsin ko kusa da haka. Agogonmu ya nuna 11:40 sa'ad da ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Allah Ya sa kujerarmu tana gefen dama, jikin taga. Ba da jimawa ba muka hango matatar man fetur da aka buɗe a 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana. Daga nan sai gonakin gero da aka riga aka girbe, da 'yan ƙauyuka da rumbunansu kamar an watsa tsaba. Wannan ita ce ƙasar Damargu, rumbun hatsin Abzinawa a zamanin ayari. Da muka ƙara gaba sai gonaki suka soma ja da baya, har suka ƙare, ƙasa ta zama fili fetal, sai ɗaiɗaikun itatuwa da sawun dabbobi da ke taruwa a bakin rijiya kamar jijiyoyin ganye. Tun 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta aka bar wa makiyaya. Mai tafiya a mota ba ya lura da inda aka tsallake wannan iyaka, amma daga sama ana ganin yadda launin ƙasa ke sāke kama a hankali.

Muna cikin wannan kallo sai maƙwabcinmu a kujera, wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin Damagaram, dattijo mai fara'a, ya duƙo ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa yau a gidana na yi asuba, a gidana na karya. In mun sauka ance ana yin azahar raka'a biyu. To, wace wahala na sha da zan rage sallar Ubangiji? Kakana raƙumi ya bi, ya ga ƙishirwa ya ga 'yan fashi, shi ya cancanci rangwame. Ni da ke zaune a kan katifa ana ba ni ruwan sanyi, ina jin kunyar in yi biyu."

Muka ce masa, "Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri a kan wannan kunya, amma bari mu duba inda shari'a ta rataya hukuncin." Abin da muka gaya masa a taƙaice shi ne za mu shimfiɗa a nan.

Asalin ƙasaru yana cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i aya ta 101, inda aka ɗauke laifi ga mai tafiya a bayan ƙasa in ya rage salla, aka kuma ambaci tsoron abokan gaba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, dalilin ci gaba da ƙasaru alhali tsoro ya kau, shi kuma ya ba da labari cewa abin ya taɓa ɗaure masa kai har ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sanar da shi cewa kyauta ce daga Allah, a karɓa. Ka ga ke nan tambayar Alhaji tana da 'yar'uwa tun zamanin sahabbai, kuma amsar da aka bayar a wancan lokaci ta wadatar.

Sai kuma iyakar tafiyar da ake yi wa ƙasaru. A mazhabarmu ta Imamu Malik baridi huɗu ce. Kowane baridi farsahi huɗu ne, kowane farsahi mil uku, jimla mil 48, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Ibnu Abbas yakan yi ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Usfan, ko Jidda, Imamu Malik kuma ya ƙiyasta wannan da baridi huɗu. Mil na shari'a ba daidai yake da mil na Turawa ba, malamai kuma sun saɓa a kan yawan kamun da ke cikinsa, amma lissafin da ya fi yaɗuwa a wajen malaman wannan zamani yana tsakanin kilomita 80 da 90. Tafiyarmu ta ninka wannan fiye da sau huɗu ta sama, sau biyar ta ƙasa. Ta kowace hanya aka auna, babu wurin shakka.

Abin da ke rikita mutane shi ne sun ji malamai na cewa tafiyar yini biyu ce, sai su ɗauka lokaci ake nufi. Alhali kuwa yini biyun nan ma'auni ne na nisa, watau abin da raƙuma masu kaya ke ci a yini biyu bisa al'ada, kamar yadda mutumin karkara zai ce maka garin kaza zango biyu ne. Magabata ba su bar wannan a duhu ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Minhaj cewa ko da mutum ya yanke wannan nisa cikin sa'a guda zai yi ƙasaru. Daga cikin malamanmu masu sharhi ma akwai waɗanda suka ƙaddara mas'alar wanda ya yanke ta da tashi sama, suka ba shi hukuncin matafiyi, tun ba a ƙera jirgi ba. Allah Ya jiƙansu, sun share mana hanya tun kafin mu iso.

Me ya sa ba a rataya hukuncin a kan wahala ba? Malaman usulu sun ce wahala ita ce hikimar rangwamen, amma ba ta da ma'auni tsayayye, abin da ya gajiyar da wane ba ya gajiyar da wane. Da an bar wa kowa ya auna wahalarsa da kansa, da malalaci ya rage salla a ɗakinsa, mai tsanani kuma ya cika ta a tsakiyar hamada. Don haka aka ɗaura hukuncin a kan abin da kowa ke iya aunawa, shi ne tafiya mai nisa sananne. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a Kasuwar Dole ta Damagaram tun safe har yamma ya fi Alhaji shan wahala nesa ba kusa ba, amma huɗu zai yi domin yana gida. Alhaji kuwa biyu zai yi ko da a kan katifa ya zo, kuma a mazhabarmu yin hakan sunna ce mai ƙarfi, cikawa ce ma abin ƙi.

Muna wannan bayani sai lokacin azahar ya riske mu a sama. A wannan wata rana takan yi zawali a Damagaram wajen ƙarfe 12 da minti 20, a Agadas kuwa bayan haka da kimanin minti 4, domin Agadas ta fi kusa da yamma da daraja guda. Wani abin sha'awa kuma, da yake jirgin ya fuskanci arewa da 'yar karkata yamma, alƙibla tana daidai saitin fiffikensa na dama, watau tagar da muke zaune. Wani saurayi ma'aikaci da ke bayanmu ya ce ko ya yi salla a zaune? Muka ce masa ya dakata, lokaci yana da yalwa, kuma saura kaɗan a sauka, babu larurar da za ta sa ya bar tsayuwa da ruku'u da sujada a salla ta farilla.

Daga nan ƙasa ta soma sāke fuska. Muka wuce gaɓar Tigidit, wani dogon tudu da ya gitta a kudancin Agadas kamar an yanka ƙasa da wuƙa, sa'an nan can gaba duwatsun Azbin suka bayyana baƙi-baƙi a cikin ragowar hazo. Jirgi ya sunkuyo, gari ya fito ja wur, launin ƙasarsa, hasumiyar masallaci tana tsaye a tsakiya. Ƙafafun jirgi suka taɓa ƙasa da ƙarfe 12:35. Minti 55 ke nan cif. In mutum ya lissafa, kowane minti huɗu ko biyar mun ci zangon yini guda na ayari, baridi huɗun nan kuwa mun wuce su tun ba mu yi rubu'in awa a sama ba.

Filin jirgin Agadas yana jikin gari ne ta kudu, sunansa Mano Dayak, wani jagoran Abzinawa wanda ya rasu ranar 15 ga Disamba 1995 sa'ad da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗi a duwatsun Azbin. Wannan suna da ke rubuce a bakin ƙofa ya isa ya tuna wa mai sauka cewa gajartar tafiya ba ta ɗauke masa bukatar addu'ar hawa da ta sauka. Muka sami wuri muka yi alwala, Alhaji da saurayin nan da wasu mutum uku suka bi mu, muka yi azahar raka'a biyu, domin dukanmu babu mai niyyar kwana huɗu. Da la'asar kuwa muka je babban masallaci muka bi limamin gari, muka cika huɗu, domin matafiyi in ya bi mazaunin gida, cikawa yake yi tare da shi.

Wannan masallaci an gina shi ne a farkon ƙarni na 16, aka sabunta shi a 1844. Hasumiyarsa ta ƙasa ce zalla da itatuwa a soke a jikinta, tsawonta kimanin mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Hausa ake yi a kasuwa da tituna, baƙo daga Kano ko Katsina ba ya bukatar tafinta. Da muka zauna a inuwar bangonsa sai muka tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya tako har wannan gari a ƙuruciyarsa yana biye da malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, daga nan malamin ya wuce aikin hajji, shi kuwa ya koma gida domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Su sun zo neman ilmi a kan ƙafa, mu mun zo cikin minti 55, Allah Ya sa mu sami ko kaɗan daga abin da suka samu.

Ga 'yan'uwa fatake da ma'aikata masu lissafin lokaci, akwai abin lura a nan. Mun bar masauki ƙarfe 7 na safe, ba mu shiga masaukinmu na Agadas ba sai bayan ƙarfe 1 na rana. Awa shida ke nan da ɗoriya, a cikinsu abin da muka yi a sama bai cika awa guda ba. Da za mu komo bayan kwana uku sai muka biyo mota, muka tashi bayan asuba, muka tsaya shan shayi a Adarbisanat, muka yi azahar a Tanut, muka shigo Damagaram bayan la'asar, awa tara da 'yan mintoci, domin a wannan shekara wani yanki na kwaltar ya mutu. Saboda haka wanda zai ɗaura alkawari da mutane a lokacin hunturu kada ya dogara da mintocin da aka rubuta a takarda, ya ƙara da jira da hazo, ya bar wa kansa rata, domin cika alkawari ma addini ne.

A wannan komowa ta mota ne muka ga abin da jirgi ya ɓoye mana. Muka ga mata suna jan guga a rijiyoyi masu zurfi da taimakon jakuna, da manyan motoci shaƙe da kaya da mutane a sama, da wata mota da ta lalace a inda babu inuwa, fasinjojinta sun fake a ƙarƙashinta. Muka tuna da abin da ya auku a watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Da yawa daga cikinsu mutanen yankin Kance ne, garin da muka ratsa a hanyarmu ta zuwa, kuma wannan hanya ta Agadas ita ce ƙofar arewa ga mutanen yankin. Nisan nan yana nan yadda kakannin Alhaji suka bar shi, mafi yawan bayin Allah kuma har yanzu ta ƙasa suke yanke shi. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin jirgi, to ya gode, ya kuma riƙa tunawa da na ƙasa a cikin addu'arsa da zakkarsa.

A taƙaice, ga abin da muke so mai karatu ya riƙe. Duk wanda ya yi nufin tafiya ta halal mai nisan baridi huɗu a zuwa kaɗai, to zai yi ƙasarun azahar da la'asar da lisha, ko a raƙumi yake ko a mota ko a jirgi, asuba da magariba kuwa ba a taɓa su. Zai fara ne bayan ya wuce gine-ginen garinsa da lambunan da ke haɗe da su, don haka in gari ya riga ya cinye filin jirgi, kada ya yi ƙasaru a ɗakin jira. Hanyar da ya bi ita ake aunawa. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, ƙasaru ta yanke. Game da azumin Ramadan kuwa, wanda ya wayi gari da azumi a gidansa sa'an nan ya hau jirgi da hantsi, to ya cika azumin wannan rana, domin sharaɗin shan ruwa a mazhabarmu shi ne a fara tafiyar kafin alfijir.

Alhajin nan mun sāke gamuwa da shi a kasuwar Agadas kashegari, yana cinikin fatu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya da lisha ni kaɗai na yi, biyu na yi, amma sai da na ƙara da shafa'i da wutiri kafin hankalina ya kwanta." Muka ce masa ya kyauta, domin wutiri ba a barinsa a gida ko a tafiya.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya, na sama da na ƙasa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu dace da sunna.